Son kai a wurin aiki, ta yaya mutum zai auna shi?

'Yar Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta memwar ɗina (binciken gama karatu) a jami'ar Abdou Moumouni kan bambancin da ake nuna ma ma'aikata a ɓoye, na raba takardun tambaya a biro uku nan Yamai amma kowa cewa yake shi bai da son kai, to ni mi zan rubuta ke nan??

Malamin lakwal: Ƙanwata ai ba wanda zai ce miki e, shi kanshi bai sani ba. A Amurka wasu masana sun aika CV iri ɗaya ga kamfanonin Boston da Chicago, suna kawai suka canza, a 2004 sakamakon ya fito, sunayen farare an fi kiransu da kashi 50 cikin 100 bisa sunayen baƙaƙe. Ki gwada haka da sunan mace da na namiji.

Hajiyar biro: 'Yata ki samu izini ki zauna cikin taronsu kawai, ki ƙirga wa ake katse ma magana, wa ake aika kawo ruwa, wa ake turawa horo waje. Inda na yi aiki (ba zan faɗi suna ba) ana tashi sai maza su wuce fada wajen shayi, can ake yanke komi, mu da safe sai dai mu ji labari, kuma wallahi wanda faransancinshi bai da ƙarfi ko ya fi kowa iya aiki shiru yake yi.

Ɗan Ader: Dokar kota ta Nijar, mai ba mata kaso a kujerun gwamnati, tun 2000 aka yi ta, 2019 aka ɗaga ta, 30 cikin 100 a naɗe-naɗe. Ki duba wace kujera ake ba matan.

'Yar Tawa: Na gode, Hajiya zancen fadar nan ban ma yi tunaninshi ba.