Don Allah a taimaka: ƙafar hagu ta katafila mai shiga ruwa tana mutuwa idan mai ya yi zafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makanikai da direbobin manyan injina. Ina tuƙa katafilar haƙa irin wadda ke tsaye a kan manyan tankunan ƙarfe biyu masu shawagi, sarƙa na kewaye da kowanne, su ne ƙafafunta. Muna cire kachalla da yashe hanyar ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru.

Da safe lafiya lau take tafiya. Amma da zarar man haidirolik ya ɗau zafi, sai ƙarfin ƙafar hagu ya ragu, injin ya riƙa karkata, daga baya ma ƙafar ta ƙi motsi sam a cikin laka. Hannun haƙa da juyawa kuwa ƙarfinsu bai ragu ba.

Mun canza matatar mai, mun ɗaure sarƙar, mun buɗe murafen tankin hagu ba mu ga ruwa a ciki ba. Wani makaniki ya ce famfon da ke tura man haidirolik ne, ni dai ban gamsu ba, don da famfon ne ai da hannun ma ya nuna alama. Zargina yana kan ƙaramin injin haidirolik da ke jan sarƙar, ko robobin mahaɗar tsakiya da ke kai mai ƙasa.

Ta yaya zan bambance su a nan bakin ruwa? Fitar da injin sai an kwance tankunan an loda a tirela, kuma manoma na jiran a buɗe hanyar kafin ruwan damina ya cika kogin. Wanda ya taɓa gyara irinta, don Allah me zan fara gwadawa?