Neman kalma: me za mu kira wannan fanni kafin Asabar?

Maman Hanif: Assalamu alaikum malamai. Taimako nake nema na gaggawa. Aikina ba mutane shawara kan inda za su sa kuɗinsu, hannun jari, sukuk da makamantansu, kuma ina digiri na biyu a fannin da Turawa ke kira bihebiyaral fainans. Wani gidan rediyo a nan Kano ya gayyace ni ranar Asabar da safe, kuma mai gabatarwa ya gargaɗe ni kada in cika masa shiri da Ingausa. Abin da fannin ke cewa shi ne mutum ba ya taɓa kuɗinsa da lissafi kaɗai, zuciya tana sa baki. Ina neman sunan fannin. Sai kuma abin da suke kira los abashan, wato yadda asara ke taɓa zuciyar mutum, ita ce ta hana ni barci.

Auwalu na Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Nazarin ɗabi'ar kuɗi. Ɗayar kuma tsoron asara. An gama.

Malama Rabi: Kuɗi ba su da ɗabi'a, Auwalu, mai kuɗin ne ke da ita. Nazarin halayyar masu zuba jari.

Maman Hanif: Na Malama ya kwanta min. Amma tsoron asara ba zai yi ba, ga dalili. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, ne suka fito da zancen a 1979, kuma abin da suka gano shi ne idan mutum ya rasa dubu goma, ɗacin da zai ji ya kai kusan ninki biyu na daɗin da zai ji da a ce samun ta ya yi. Wanda asara ta taɓa kuma ba ja da baya yake yi ba, kasada yake ƙarawa don ya dawo da abin da ya tafi. Ina da abokin hulɗa da ya sayi hannun jarin wani banki kafin rugujewar 2008, lokacin da ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000 a watan Maris, shekara na zagayowa ya faɗo wajen 20,000. Har yau takardun na cikin akwatinsa. Duk sanda na ce ya sayar ya juya abin da ya rage, sai ya ce ai muddin bai sayar ba bai yi asara ba. Wannan ba matsoraci ba ne.

Alhaji Ɗan Kwari: Hajiya ai wannan namu ne. Atamfa ta yi kwantai shekara biyu, yayinta ya wuce, ka ce wa mutum ya karyar, ya ce sai uwar kuɗinsa ta fito. Wadda ke tafiya kuwa, riba kaɗan ya gani ya sake ta. Ni zafin asara zan ce.

Maman Hanif: Alhaji Allah ya ƙara arziki, wallahi wannan ma akwai shi a littattafanmu, wasu masana biyu, Shefrin da Statman, sun rubuta a kansa a 1985: saurin sayar da mai riba, da riƙe mai faɗuwa. Zafin asara ya fi kusa.

Malam Baffa: Ku yi haƙuri in shigo. Nazarin halayyar masu zuba jari kalma biyar ce, wannan ba suna ba ne, jimla ce. Matsalarmu ke nan, kullum bayani muke yi maimakon ƙirƙira. Na daɗe da samar wa wannan fanni suna: TUNKUƊI. Tunani da kuɗi. Gajere, Bahaushe, ba aro. Masanin fannin kuma matunkuɗi.

Auwalu na Fagge: Malam, matunkuɗi ai shi ne wanda ke ture mutane a layin banki.

Malama Rabi: Allah gafarta Malam, tunkuɗa tana nan da ranta a harshen, ba a kwance take ba. Hajiya ta ce a rediyo “yau za mu yi tunkuɗi”, me tsohuwa a Ƙofar Mata za ta ji?

Malam Baffa: Za ta ji sabon abu, ta tambaya, ta koya. Haka kowace kalma ta fara. Ku kuma da ɗabi'arku da halayyarku, duk Larabci ne kuka yafa wa mayafi.

Malama Rabi: To asara fa? Daga Larabci take. Riba ma haka, lissafi ma haka. In za mu kori baƙi daga zancen kasuwa, sai dai mu koma yin ciniki da hannu kamar bebaye.

Bello Basakkwace: Tunda an zo nan, hasara ce, ba asara ba. Ku Kanawa kun haɗiye harafi kun ce daidaitacciyar Hausa.

Auwalu na Fagge: Shekara nawa kana cin tuwon Kano, Bello? Gidan rediyon a Kano yake.

Malam Baffa: Ai ba maganar gari ba ce. Maganar ita ce wa ke da hurumin raɗa wa fanni suna. Akwai cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero, ita ya kamata a kai wa, ba kowane mai waya ya zauna ya yanke hukunci ba.

Alhaji Ɗan Kwari: Amma kai ka yanke naka ba ka kai musu ba.

Malam Baffa: Shekara 28 na yi ina koyar da Hausa, Alhaji. Ban taɓa zuwa rumfarka na faɗa maka kuɗin shadda ba.

Alhaji Ɗan Kwari: Ranka ya daɗe, da ka zo da na saurare ka, in ya yi in saya.

Maman Hanif: Iyayena, don Allah, yau Alhamis. Akwai sauran biyu. Akwai halin nan na ganin kowa ya ruga wuri kai ma ka ruga, kamar yadda aka yi da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi ta intanet, kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Sai kuma wanda masanin tattalin arziki Richard Thaler ya yi suna da shi, shi ma ya karɓi kyautar Nobel a 2017 kamar yadda Kahneman ya karɓa a 2002: mutum ya raba kuɗinsa gida-gida a ransa. Mace ta kawo min kuɗin gado ta ce kada ko sisi ya taɓu, amma kwasar adashinta ta ce in sa duk inda na ga dama, alhali naira ɗaya ce. In ban gane wannan ba, shawarar da zan ba ta a takarda daidai ce, amma ba za ta bi ba.

Malama Rabi: Na farkon ba ya buƙatar ƙirƙira. Bin Yarima a sha kiɗa.

Bello Basakkwace: Wannan kam ko a Sakkwato ya wuce. Na biyun, asusun zuci?

Auwalu na Fagge: Asusun zuci kamar sunan shirin soyayya na daren Juma'a. Amma ya fi tunkuɗi.

Malam Baffa: Zafin asara ɗin ma da kuke ta murna, ina ninki biyun yake a ciki? Kowa ya san asara da zafi, ba sai Bature ya faɗa ba. Abin da mutanen nan suka gano shi ne rinjaye. Rinjayen zafin asara, in dai gaskiya ake so.

Maman Hanif: Malam, a nan ka yi gaskiya. Zan faɗi rinjayen zafin asara a farko tare da misalin dubu goma, daga nan in ci gaba da zafin asara don numfashi. Sunan fanni na ɗauki na Malama Rabi. Asusun zuci zan gwada in ji abin da masu kiran waya za su ce. Ni kaina ban san me zan kira kaina ba, mai gabatarwa ya rubuta “dillaliyar hannun jari”, ni kuwa ba la'adar ciniki nake ci ba.

Malama Rabi: Mashawarciya kan harkar kuɗi.

Alhaji Ɗan Kwari: A kasuwa dai duk wanda ya shiga tsakaninka da kuɗinka dillali ne, ko ya sa kwat.

Malam Baffa: Ban amince da kalma biyar ba, a rubuta. Hajiya, in lokaci ya ragu, ki ambaci tunkuɗi ko sau ɗaya, ki ce wani malami ne ya kawo. Ƙarfe nawa ne shirin?