Neman kalma: me za mu kira dementia da Hausa? Jibi za mu naɗi shiri

Mai Shirin Lafiya:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah a taimaka min da gaggawa. Ranar 21 ga Satumba ce ranar cutar Alzheimer ta duniya, an ba ni minti 30 a shirinmu na lafiya kuma jibi da safe za mu naɗa. Na gama rubuta komai amma na maƙale a kan kalma ɗaya, dementia. Na rubuta "cutar mantuwa" na goge, na rubuta "gigin tsufa" na goge. Abin yana ci min rai ne saboda kakata da ta raine ni haka ta yi shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abarsa, za ta idar da la'asar ta sallame ta miƙe ta sake kabbara, ta ƙulle kuɗinta a bakin zani ta manta ta ce matar kawuna ce ta ɗauke, kuma duk gidan cewa ake tsufa ne kawai, ba wanda ya taɓa cewa a kai ta asibiti. Kalmar da nake so ita ce wadda in mai jinyar tsohuwa a ƙauye ta ji a rediyo za ta ce af, ashe abin nan ciwo ne.

Ɗan Kurmi:
Gigin tsufa mana Anti. Shi kowa ya sani, ko ruɗewar tsufa.

Nas ta Ɗakin Maza:
Allah ya jiƙan Kaka. Amma dan Allah a cire tsufa daga cikin sunan, shi ne ma tushen matsalar. Da zarar kin ce tsufa kin rufe ƙofar asibiti, tunda tsufa ba shi da magani. Ba kowane tsoho ke yin sa ba, akwai masu shekara 90 da har yau su ke raba gado a unguwa da ƙwaƙwalwarsu garau. Kuma matar da likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya fara bayani a kanta a 1906 shekararta 51 lokacin da aka kai ta asibiti a Frankfurt, wannan ai ba tsohuwa ba ce. Ruɗewa kuma mu a ɗakin marasa lafiya wani abu muke nufi da ita daban, dattijo ya kamu da ciwon sanyin mafitsara ko zazzaɓi mai zafi ya rikice dare ɗaya yana ta sambatu yana fizge ƙarin ruwa, a ba shi magani kwana uku ya dawo daidai. Wancan yana warkewa, wannan a hankali yake tafiya ba ya komawa baya. In aka haɗa su suna ɗaya za a cuci mutane.

Ɗan Kurmi:
To cutar mantuwa ke nan, ai haka nake ji a labarai.

Nas ta Ɗakin Maza:
Ta fi, amma ba mantuwa kaɗai ba ce. Mutum ya fita masallacin da ya yi shekara 40 yana zuwa ya kasa gane hanyar gida, ya riƙe buta ya rasa sunanta, mai kunya ya koma zagi. Kuma kowa yana mantuwa, kar masu ajiye makulli su manta su cika mana asibiti da tsoro.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ƴata. Na daɗe ina tunanin wannan kalma tun kafin yau, kuma abin da na tsayar shi ne ZAIZAYAR ƘWAƘWALWA. Ku duba yadda Bahaushe yake raɗa wa ciwo suna: hawan jini, yoyon fitsari, shanyewar ɓarin jiki, toshewar hanci. Aikin da ciwon yake yi, sannan gaɓar da yake yi wa. To me wannan ciwo yake yi? Yana cin ƙwaƙwalwa kaɗan kaɗan kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi, bana ya ci taku ɗaya baɗi ya ci biyu har gona ta tafi. Duk manomi ya san zaizayar ƙasa, ya san ba a rana ɗaya take yi ba, ya san abin da ta ci ba ya dawowa, kuma ya san ana iya rage mata gudu. Babu tsufa a ciki, babu hauka a ciki. Ki sa ta a shirinki ba za ki yi nadama ba.

Ɗalibin Likitanci:
Baba kalmar ta yi kyau wlh amma ni a ganina a bar ta dimenshiya kawai. In mara lafiya ya zo ya ce min zaizaya ba zan same ta a folda ba. Kuma dimenshiya rumfa ce, ƙarƙashinta akwai Alzheimer wadda Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100, akwai wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke kawowa ta hanyar lalata jijiyoyin jini, akwai wasu. Kamar yadda muka karɓi kansa da taifot da sikila.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Wannan ita ce cutar da ta fi wadda muke magana a kai. Yaro ya yi shekara shida a jami'a ya dawo ya ce harshen uwarsa ba shi da kalma. Kansa da kake faɗa ai muna da ciwon daji muna da sankara, sikila muna da amosanin jini. Lalaci ne ya sa kuka bar su. Dimenshiya! Wace tsohuwa ce za ta iya furta wannan?

Ɗalibin Likitanci:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ban ce Hausa ba ta da kalma ba. Amma asibiti da likita daga Turanci suka zo, allura daga Larabci, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Waɗannan kakanninmu ne suka tauna su har suka yi laushi. Ku haɗiya kuke ba tauna.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ka ba ni haushi, kullum in anka zo neman kalma sai a zauna Kano ko Zariya a yanke, sannan a turo muna kamar mu ba Hausawa ba ne. Nan wajenmu likitoci da Faransanci su ka hwaɗin abinsu, mutanen gari kuwa cewa su kai tsoho ya ruɗe. Zaizaya mun san ta ga gona, amma in ka ce ma mutum ƙwaƙwalwar uwarshi na zaizayewa sai ya ga zagi ne. A tambayi mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram kahin a buga hatimi.

Ɗan Kurmi:
To ai daidaitacciyar Hausa dole a samu inda za a tsaya, ba wai raini ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Wa ya daidaita ta? Da wa anka yi shawara?

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Ɗan'uwa ba Kano ce ta raɗa ba, ni na raɗa, kuma ni ba Bakano ba ne. Zagi kuma, yoyon fitsari ma ba daɗin ji gare shi ba amma sunan ne ya sa mata suka san akwai inda ake gyarawa.

Almajirin Zaure:
Ku yi haƙuri in sa baki. Abin nan yana cikin Alƙur'ani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Allah ya ce akwai wanda ake mayarwa zuwa arzalil umuri don kada ya san komai bayan ya sani. Kuma Annabi SAW ya nemi tsari da shi a addu'a. Larabawa yanzu kharaf suke cewa. Me zai hana a ce arzalul umur, malamai za su ɗauka a mumbari nan da nan.

Nas ta Ɗakin Maza:
Malam ayar ta dace a buɗe shirin da ita, don masu cewa sammu ne ko maita su ji. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da yara suka jefa da dutse don an tsince ta da asuba tana yawo a wata unguwa ba ɗankwali tana kiran sunan mijinta da ya rasu, aka ce mayya ce ta faɗo, alhali gida take nema. Amma a matsayin suna ya sake dawo da mu kan shekaru, kuma ma'anarsa mafi ƙasƙancin rayuwa, ba zan iya kallon ɗan mutum in faɗa masa haka a kan mahaifinsa ba.

Mai Fassarar Takardu:
Ba mu kaɗai muka sha wannan rigima ba. Kalmar dementia kanta daga Latin take, ma'anarta fita daga hankali, wato dai hauka aka ce a fakaice. Japan a 2004 gwamnati ce ta canza sunan da suke amfani da shi saboda yana ɗauke da ma'anar wauta, suka koma wanda ke nufin matsalar fahimta. Mu ma nan Najeriya sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kuma ku sani suna kuɗi ne, ni da nake fassara takardun neman tallafi na gani, abin da ba shi da suna ba ya shiga kasafi. WHO ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikinsu a ƙasashe irin namu, kuma a 2019 ya ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabi wahalar ƴan'uwa ce da ba a biya, yawanci mata. A Ibadan tun 1992 aka fara babban bincike ana kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatan Indianapolis a Amurka. Mu in za a zo a ƙirga namu da wace kalma za a tambayi mai gida? In ka ce akwai mai taɓin hankali a gidan nan zai ce babu ya rufe ƙofa, in ka ce akwai mai gigin tsufa zai ce kowane gida akwai.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Shi ya sa na ce zaizayar ƙwaƙwalwa. Kun zagaya kun zagaya kun dawo inda na tsaya.

Mai Shirin Lafiya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Lokaci ya ƙure min ga abin da zan yi. Zan buɗe da ayar da Malam ya kawo. Sunan da zan riƙe a shirin shi ne ciwon mantuwa, ciwo ba cuta ba don kar a zaci ana ɗauka a guji tsofaffi. Zan ce shi ne wanda muka saba kira gigin tsufa amma ba tsufa ba ne, zan faɗi dimenshiya sau ɗaya don wanda zai je asibiti ya san abin da zai ji a bakin likita. Baba, misalinka na gaɓar kogi zan yi bayani da shi kaf, don da shi zan shiga maganar rage gudu, a kula da hawan jini da ciwon suga, a bar taba, a duba kunnen da ya fara nauyi. Amma ba ni da ƙarfin halin sa shi a kanun shiri, na gwada wa mahaifiyata ɗazu ta yi shiru ta ce kar in faɗi haka a kan uwarta.

Ɗan Maraɗi:
Ciwon mantuwa za a gane shi nan. Na yarda da wanga, na wucin gadi.

Nas ta Ɗakin Maza:
Ba ta cika ba amma ta fi tsufa. Ki ƙara da cewa magungunan da ake da su ba sa warkarwa, kar wani ya sayar da gona. Kuma a rubuta lambar waya a sa wa dattijo a aljihu.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
To ƴata shirinki ne. Allah ya jiƙan kakarki, ki gaida mahaifiyar taki ki ce ban yi nufin ɓata mata rai ba. Amma mantuwa alama ce ba ciwon ba ne, wannan ban janye ba, kuma ni a rubutuna zaizaya zan ci gaba da sawa. Ƙarfe nawa za a sa shirin?