Karɓar saƙo a gidan haya mai mutane da yawa

Da aka tattauna yadda za a riƙa karɓar saƙo a irin wannan gida, abin da aka fi nanatawa shi ne adireshi, sunan unguwa kaɗai baya isa, ka sa lambar ɗakinka da lambar waya mai shiga don mai kawo kaya a mashin baya hawa bene, a bakin get yake tsayawa ya kira. In baka nan ka faɗa wa maigadi tun da safe, amma kar a bar masa kayan Jumia, kamfanin sayar da kaya ta intanet, da sai an kawo ake biya, gaskiya ɗora masa nauyi ne. Wasu sun ce a ajiye littafi a ɗakinsa duk wanda ya ɗauki kaya ya sa hannu, ni dai wannan na fi goyon baya. Takardu masu muhimmanci kuwa gara akwatin gidan waya na NIPOST.