Karkatacciyar kuka mai daɗin hawa: yabo ne ko kuka?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Jiya na ji yayata tana cewa dangin mijinta sun mayar da ita karkatacciyar kuka mai daɗin hawa. Ni a zatona yabo ne ga mai sauƙin kai, amma fuskarta ba ta nuna haka ba. Ina neman ƙarin haske daga manya.

Dattijo: Wa'alaikumus salam, yaro. Wanda ya taɓa tsinkar ganyen kuka ba zai kira wannan yabo ba. Jikin kuka santsi gare shi, ga kauri, hannu ba ya zagaye ta, shi ya sa ake kafa mata turaku a jiki kafin a hau. Wadda ta karkata kuwa ba ta buƙatar turke ko ɗaya. Yaro ya hau, akuya ma ta ɗare, kowa ya zage ganyenta, miƙaƙƙiyar da ke kusa da ita tana nan ba a taɓa ta ba. Yayarka ƙorafi take yi cewa an ɗauki haƙurinta a matsayin rauni.

Mai fassara: Baba, Allah ya ƙara girma, ina da ƙari. Turawa ma sun rataya wa karkata ma'anoni da yawa. Kalmarsu bias, wadda suka aro daga Faransanci, asalinta karkace take nufi, kuma har yau teloli suna amfani da ita ga yankan yadi a karkace, wanda ke sa yadin ya riƙa miƙewa idan an ja shi. Daga baya ta koma nufin son kai wajen hukunci, kamar yadda muke cewa alƙali ya karkata ga ɓangare ɗaya. Haka slant, ana faɗinta ga rufin da ya gangara, ana kuma faɗinta ga labarin da ɗan jarida ya murɗa. Anya karin maganar ba ta ɗauke da zargi irin wannan, wato ita kukar ce ta kauce wa daidai?

Dattijo: A'a, Malam, ka haɗa abu biyu. Alƙali da gangan yake karkata, kuka kuwa iska ce ko zaizayar ƙasa ta kwantar da ita. Laifin yana kan masu hawa.

Malama: Ban yarda gaba ɗaya ba, Baba. Sau da yawa da sigar gargaɗi nake jin ta: kada ki zama karkatacciyar kuka. Ba a gargaɗin mutum a kan abin da ba shi da hannu a ciki. Matar da ba ta iya cewa a'a, kullum ita ce wanke-wanken biki, ita ce rainon 'ya'yan maƙwabta, ita ma ta taimaka wajen sunkuyar da kanta.

Dattijo: Wannan kam na karɓa, Malama, amma rabi.

Ɗalibi: Na gode. Zan je in ba yayata haƙuri, domin dariya na yi lokacin da ta faɗa.