Injin turbo a kan tsohon giyabos: zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba?

Alhaji Sani, Marwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi. Motata Land Cruiser ce, HZJ79, da ita nake jigilar albasa da shinkafa tsakanin Marwa da Kusiri. Injinta 1HZ ya gaji, sai hayaƙi da shan baƙin mai. An samo mini inji 1HD-T mai turbo a Duwala, daga jikin wata Land Cruiser HDJ80 'yar Beljik aka sauke shi. Mai kayan ya ce giyabos ɗin motar ma yana nan idan ina so. Amma Malam Buba da ke duba mini motar ya ce kada in ɓarnatar da kuɗina, wai injin zai zauna a kan buwat ɗina na asali, wato giyabos ɗin da motar ta zo da shi, ba tare da an huda ko rami ɗaya ba, kuma abin da ya zauna ya yi daidai. Me kuka gani?

Malam Buba, Marwa: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. 1HZ da 1HD-T uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu silinda shida ne, lita 4.2, gangar jikin kusan iri ɗaya, ramukan noti na baya sun dace da juna. Ka sauke wannan, ka ɗora wancan, ka sa sabon kuloci, Alhaji ya koma hanya cikin kwanaki kaɗan. Na yi wa mutum biyu haka, har yau motocinsu na yawo a gari.

Baba Haruna, Garwa: Buba ɗana, motocin nan biyu me suke ɗauka?

Malam Buba, Marwa: Ɗaya ta gida ce, Baba. Ɗayar tana zuwa ƙauye ranar kasuwa.

Baba Haruna, Garwa: To ka ga inda zancen yake. Ramin noti bai san nauyin buhu ba. Cewa inji ya zauna daban, cewa giyabos zai jure abin da injin ke turo masa daban. Motar Alhaji ba ta kai yara makaranta ba ce, shaƙe take fita Marwa, ta bi Mora da Waza da Dabanga, hanyar da kowa a nan ya san halinta. HZJ79 da R151F take zuwa, giyabos ne mai laushin hannu, mai daɗin canji, amma danginsa na ƙananan motoci ne irin su Hilux da Prado. Ko da 1HZ ɗin da bai da turbo, wurin da yake fara ciwo sananne ne: giya ta biyar, da haƙoran sandar da ke miƙa ƙarfi zuwa akwatin taransifa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Bara aka jawo mini irinta. Mai ita ya ɗora mata turbo ya bar buwat yadda yake. Direban ya ce suna cikin tafiya sai ya ji inji na kuka, mota kuwa ta ƙi gaba, kamar an sa ta a firi. Da na kwance notin zubar da mai, maganaɗisun da ke kansa ya yi gashi da garin ƙarfe, man kuma yana ƙyalli yana warin ƙuna. Na zaro sandar na shafa da yatsa, haƙoran nan sun side sumul. Yaran shagona duk na kira su suka taɓa, don su gani da idonsu.

Abdullahi, Ngaundere: Baba, a ba ni izini in ƙara da lissafi. 1HZ na ba da ƙarfin murɗa wajen 285 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa ke nan). 1HD-T da ya fito a 1990 na ba da wajen 360 Nm, wato ƙarin ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma ba ƙarfin doki ne ke kashe giyabos ba, murɗar nan ce, musamman da yake injin turbo yana sakinta tun yana juyawa a hankali. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne abin da kamfanin Toyota da kansa ya yi. A HDJ80 bai ɗora 1HD-T a kan giyabos dangin R irin R151F ba, na dangin H ya ba shi, wato H151F. Da ya fitar da 79 mai turbo, dangin H ya sa mata. Da V8 ta zo a 2007, H150F aka haɗa mata. In da R151F zai ɗauka, ai da sun bar shi, ya fi musu araha.

Malam Buba, Marwa: Abdullahi, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma kai a takarda kake gani, ni a ƙarƙashin mota nake kwana. Ka san abin da canja buwat ke jawowa? Dangin H ya fi girma, ya fi nauyi. Dole a sake gadar da yake zama a kai, a duba inda sandar giya za ta ɓullo a cikin mota, farfela ta gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, tsawonsu ya canja. A nan wa zai yanke farfela ya haɗa ta ta daidaita? Walda za a yi da ido. Mota ta kai gudun 80 ta kama rawa, ta cinye kuros, ta cinye boris, ta cinye sil. Na ga aikin canji da ya fi barin tsohon buwat illa nesa ba kusa ba. Sannan kayan R151F ko'ina akwai su, daga Marwa har Njamena, saboda yawan 79 da ke yankin nan. Wannan fa, Baba?

Baba Haruna, Garwa: Wannan gaskiya ce, ban ƙi ta ba. Mugun aiki ya fi rashin aiki ɓarna. Amma maganinsa a nemo farfelar da ta dace ko a kai wa mai injin juya ƙarfe, ba a bar giyabos ya mutu a dajin Waza ba.

Musa, Njamena: Salamu alaikum manya. Ni kam ina mamakin yadda ba wanda ya ambaci otomatik. HDJ80 da yawa da A442F suka zo, mai giya huɗu, kuma ƙarfinsa ba wasa ba. A cikin yashi babu kamarsa. Da buwat na hannu, kana taka kuloci don canja giya mota ta tsaya cak ta nutse. Otomatik ba ya yanke ƙarfi, kuma turbo ba ya sauka tsakanin giya da giya. Ba kulocin da yaron mota zai ƙone. Shekara huɗu ina tuƙa irinta zuwa Mao da Musoro.

Idi direba, Kusiri: Yaya Musa, motar ofis ka tuƙa, da mutum huɗu da jarkokin ruwa. Ka ɗora mata lodin albasa a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ka shiga ramukan Dabanga a hankali awa da awa, man otomatik zai dahu sai in an ƙara masa lagireto nasa na daban. Kuma ranar da batir ya mutu a daji, wa zai tura otomatik ta tashi?

Musa, Njamena: Batun turawa na yarda. Na zafi kuwa ƙaramin lagireto ya magance shi.

Abdullahi, Ngaundere: Akwai kuma waya. Na farko-farkon A442F da matsin mai kaɗai yake aiki, waɗanda suka biyo baya suna da kwamfutarsu, sai an jawo ta da duk wayoyinta. A motar da aka haifa da kuloci, aiki ne babba.

Alhaji Sani, Marwa: Otomatik dai a ajiye shi, Musa, na gode. Direbana bai saba ba, ni ma hankalina bai kwanta ba. Mu koma kan biyun nan.

Idi direba, Kusiri: Alhaji, ranka ya daɗe, bari in faɗi laifinmu mu direbobi, don rabin mutuwar buwat a ƙafarmu take. Da 1HZ, in ka zo hawa da lodi a giya ta biyar, injin da kansa zai sare, dole ka sauko ta huɗu. Mai turbo ba ya sarewa. Kana ta biyar, allura na ƙasa, ka danna totur, sai ya ja kawai, kai kana jin daɗi, ƙananan haƙoran giya ta biyar kuwa suna shan azaba. Ta huɗu kai tsaye take, ƙarfi na wucewa ta sanda ɗaya ba tare da ya bi ta wasu haƙora ba. Duk wanda ya hau dutsen Mbe da kaya a hanyar Ngaundere ya san abin da nake nufi. In Malam Buba zai bar tsohon buwat, sai an hana direba ta biyar muddin akwai lodi.

Malam Buba, Marwa: Yauwa Idi! Abin da nake faɗa ke nan. Da hannu mai kyau, kuma ba a buɗe wa famfon gazuwal wuta ba, R151F zai yi shekaru.

Baba Haruna, Garwa: Alhaji na Marwa, mota na Waza da tsakar dare, direba na son ya isa gadar Ngeli da ke bakin Kusiri da wuri. Wa zai tsaya a kansa ya hana shi ta biyar? Ni ba na gina aiki a kan alkawarin direba, Idi ka yi haƙuri.

Idi direba, Kusiri: Ba komai Baba, haka ne.

Abdullahi, Ngaundere: Abu ɗaya da ya kamata Alhaji ya sani kafin ya biya. H151F giyarsa ta ɗaya 4.081 ce, ta R151F 4.313, ta H150F kuma 4.529. Ma'ana wanda ke Duwala ya fi wanda ke motar yanzu nauyin tashi. Da cikakken lodi a taɓo, kuloci zai fi wahala, sai dai a riƙa shiga ƙaramar giyar taransifa. In da za a samu H150F, shi ya fi dacewa da motar kaya. Sannan yawancin HDJ80 ƙafa huɗu suke ja kullum, 79 kuwa sai an sa. A tambayi wane taransifa ke jikinsa.

Baba Haruna, Garwa: Allah ya yi maka albarka, wannan tambaya ce ta gaske. Alhaji, kada ka karɓi inji tsirara. Ka ce a haɗo da fulawil ɗinsa da kulocinsa, don na 1HD-T ya fi na 1HZ faɗi, da ƙwaryar da ke rufe su, da buwat, da taransifa, da farfela biyu ko da ba za su shiga kai tsaye ba. Kuma tun injin na ƙasa a buɗe kwanon mai a sake metal na kwanrod, wato boris ɗin sandunan fistin, na farkon 1HD-T an san su da ci.

Malam Buba, Marwa: Batun metal ko ba a faɗa ba zan yi. Har yanzu ina ganin tsohon buwat zai iya, amma motar Alhaji ce, kuɗin ma nasa ne. Sharaɗina ɗaya: in za a canja, farfela ba za ta ga walda a shagona ba. Garwa zan kawo ta, Baba, ka kai ni wurin mai injin da ka yarda da shi.

Baba Haruna, Garwa: Ka zo, ni zan raka ka da ƙafata.

Alhaji Sani, Marwa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na kira Duwala, na ce ya ɗauko hoton farantin motar da aka sauke kayan, inda lambar giyabos take, da hoton taransifa ta gefe, ya kuma kwance notin mai ya nuna mini maganaɗisun. Ya ce sai gobe da safe in ya buɗe shago. Da sun iso zan turo muku, Baba da Abdullahi ku duba mini kafin in aika ko sefa ɗaya.