Mai kwarashi ce ni, ina son koyon saƙar tsinke biyu amma hannuna na dama ya ƙi

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya, ya sanyi? Ni dai tun ina yarinya nake kwarashi, hula da safar jarirai da mayafin gado duk ina yi. To bana ƙanwata za ta haihu cikin hunturun nan sai na ce bari in yi ma jaririn rigar sanyi ta tsinke biyu, don ta fi laushi kuma tana miƙewa. Na shiga kasuwar Dole na sayi tsinke da ulu, wata maƙwabciyarmu nan Birni ta zauna ta nuna mini, amma ita da hannun dama take riƙe zaren tana zagayo da shi kan tsinken, ni kuwa wallahi da na ɗauka sai zaren ya koma hagu da kansa. Ta ce ba haka ake yi ba. Kwana 6 ke nan ina kwancewa. Don Allah dole ne sai da dama?

Inna Mai Ulu:
Wa alaikum salam ɗiyata. Ba dole ba ne, kar ki wahalar da kanki. Yadda maƙwabciyarki take yi mu ma haka aka koya mana a fuwaye, wato gidan koya wa mata sana'ar hannu, kuma daidai ne, amma riƙon hagu shi ma hanya ce mai zaman kanta, ana ce mata kwantinantal, wasu su ce ta Jamus don can da su Norwe haka mata ke saƙa. Zaren na kan manuniyarki ta hagu kamar dai a kwarashi, tsinken dama shi zai shiga ido, wato madaukin zaren da ke kan tsinke, ya ƙwaƙulo zaren ya fito da shi, ba sai kin saki tsinke kin zagayo ba. Ke da yatsunki suka riga suka san jan zare ai kin yi rabin tafiya. Ki ɗora ido 20 da ulu mai haske, tsinke lamba 4 ko 5, ki yi ta andurwa, wato saƙar fuska da ake yi zare na bayan tsinke, zuwa da dawowa har hannu ya faɗa. Ki bar maganar riga tukuna.

'Yar Zango:
Gaskiyar Inna. Ni ma daga kwarashi na zo, bari in gaya miki inda na sha wuya don kar ki sha. Andurwa ba komai, rana ɗaya na kama. Anber, wato saƙar baya, kishiyar andurwa, ita ce matsalar, don zaren sai ya dawo gaba kuma sai kin danna shi ƙasa da yatsa kafin tsinke ya kama, ga shi hannunmu ya saba naɗa zare ta yadda ake yi a kwarashi, ita kuwa wannan saƙar ta ɗaya gefen ake naɗawa, to sai idon ya zauna a juye kan tsinke, in kin dawo kin soka ta gaba sai ya murɗe. Na yi hula guda cur a haka ban sani ba, ta yi tauri ta ƙi shiga kan yaron, raina ya ɓaci sosai. Ki duba saƙarki, in ƙafafun idon sun gitta juna daga ƙasa to ya murɗe. Ko ki gyara naɗin, ko ki riƙa sokawa ta ƙafar baya, duka biyun suna warware shi.

Kuma kar ki aje kwarashinki nesa, ido in ya zame ya gangara da shi ake hauro da shi layi-layi.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Inna, yaya na gode. Yanzu na duba ɗan abin da na yi jiya, wallahi a gicciye suke kamar yadda kika ce. Sai dai idon yana matsewa ƙwarai har tsinken ba ya shiga, shi ma naɗin ne?

Inna Mai Ulu:
Murɗewar na sa haka, amma kuma kina saƙa a bakin tsinke ne inda ya sirance. Ki tura kowane ido ya hau jikin tsinken sosai kafin ki wuce na gaba, ki sassauta zaren a ƙaramin yatsa. In har gobe bai saki ba ki ɗauko hoto ki turo in gani.